Ra'ayi cikin rigar gaskiya: yadda ake jan hankali ba tare da an yi ƙarya ba

Ranar 5 ga Fabrairun 2003, Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya don ya gamsar da duniya cewa Iraƙi na ɓoye da makaman ƙare-dangi. Bai zo hannu rabbana ba. Ya zo da hotunan tauraron ɗan'adam, da muryoyin jami'an sojan Iraƙi da aka naɗa a ɓoye, da zanen wasu manyan motoci da ya ce a cikinsu ake haɗa makamai na ƙwayoyin cuta, har ya ɗaga wata 'yar kwalba don a ga ƙanƙantar abin da zai isa ya yi ɓarna. Ya kuma shaida wa zauren cewa ba zargi ya kawo ba, tabbatattun bayanai ne masu tushe. Mako shida bayan nan yaƙi ya ɓarke. A 2004 tawagar binciken da Amurka da ƙawayenta suka tura ta fitar da rahotonta, babu tarin makaman. Shi kansa Powell daga baya ya ce jawabin ya zame masa tabo.

Abin lura shi ne babu inda jawabin nan ya yi kama da ra'ayi. Ma'aunin da aka saba ɗora wa ɗalibai cewa yake yi: in ka ga lamba da kwanan wata da sunan wuri, to gaskiya ce, in kuwa ka ji "ina ganin" ko "ya kamata" ko "ya fi kyau", to ra'ayi ne. Da wannan ma'aunin za a auna jawabin Powell, da ya ci maki ɗari bisa ɗari. Matsalar tana cikin rabon kansa, domin an cakuɗa tambayoyi biyu an mai da su ɗaya. Ta farko, shin maganar nan irin wadda za a iya bincikawa ce? Ta biyu, in an bincika, haka ɗin ne? Sau da yawa magana kan haye ta farko lafiya lau, ta zo ta biyu ta kife.

Malaman balagar Larabci sun daɗe da gano bakin zaren. Sun raba zance gida biyu, habari da insha'i. Habari a wurinsu shi ne zancen da zai iya zama gaskiya, zai kuma iya zama ƙarya. Insha'i kuwa shi ne irin su umarni da hani da tambaya da fata da kira, waɗanda ba a ce wa mai su "ka yi gaskiya" ko "ka yi ƙarya". Hikimar ita ce ba su ce habari gaskiya ne ba, cewa suka yi ya shiga filin da za a gwada shi. "Duniya ce ke zagaya rana" habari ne. "Rana ce ke zagaya duniya" shi ma habari ne, sai dai ya faɗi jarrabawa. Rabon nasu bai yi daidai da namu na gaskiya da ra'ayi ba, don a nahawunsu "wannan doka zalunci ce" ita ma habari ce. Amma hakan ma darasi ne: sigar jimla ba ta yi wa abin da ke cikinta shaida.

A ganina ƙarya tsirara ba ita ce babbar barazana ba. Raminta ƙurarre ne, ko ba jima ko ba daɗe wani zai tono ta. Gwanin lallashi bai cika buƙatarta ba. Zai iya ɗauko ka daga inda kake ya ajiye ka inda yake so da jimloli waɗanda in ka ɗauki kowacce ita kaɗai, ba za ka kama ta da laifi ba.

Wurin da ra'ayi ya fi samun maɓoya shi ne cikin kalma guda. Mutum ɗaya, hali ɗaya, masoyinsa ya ce mai tattali ne, maƙiyinsa ya ce marowaci. Wanda ya ƙi sauya matsayi, ko dai kaifi ɗaya ne ko mai taurin kai. Wanda ya sauya, ko dai ya gane gaskiya ko ya ci amana. Jama'ar da suka fito kan titi, wata jarida ta kira su masu zanga-zangar lumana, wata ta ce 'yan tada zaune tsaye. Gwamnati "ta gyara tsarin haraji" ko "ta lafta wa talaka haraji". A duk waɗannan abin da ya faru ɗaya ne, hukuncin ne ya bambanta, kuma an manna hukuncin a jikin labarin ta yadda ba za ka karɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Da mai magana zai fito fili ya ce "na tsani mutanen nan", da sai ka san da wa kake magana, ka yi shirin musu. Da ya zaɓi suna kawai ya kira su da shi, sai maganar ta wuce ba ka ma san an yanke hukunci ba.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A 1974 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai hotunan bidiyo na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Tambayar iri ɗaya ce, fi'ili ɗaya kawai aka riƙa sauyawa. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin motocin "sun ragargaji juna" sun ƙiyasta gudu sama da mil 40 a awa. Waɗanda aka ce musu motocin "sun taɓa juna" sun tsaya a kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka sake kiran mutane aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu wani fasasshen gilashi a bidiyon. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 sun ce sun gani. Cikin 50 da aka yi wa da kalma mai sauƙi, 7 ne kawai. Ana cewa gani ya kori ji, to ga inda ji ya dawo ya gyara gani. Mutanen nan ba ƙarya suke yi ba, abin da suka tuna ke nan.

Masu aikin jarida sun san wani salon da ya fi wannan laushi, wato fi'ilin da ake jingina magana da shi. "Ministan ya ce ba a taɓa kuɗin ba" labari ne tsaka-tsaki. "Ministan ya yi iƙirarin ba a taɓa kuɗin ba" ya riga ya ɗaga maka gira. "Ministan ya bayyana cewa ba a taɓa kuɗin ba" ya sa hannu a kan maganar, ya mai da ita tabbas. "Ya amsa cewa" na nuna da ma yana ɓoyewa, "ya dage cewa" na nuna an matsa masa kuma ba a yarda ba. Kalmomin ministan ba su sauya ko ɗaya ba. Haka nan 'yar ƙaramar kalmar nan "an". Tana da amfani in da gaske ba a san wanda ya aikata ba, amma ita ce mafakar duk mai son ɓatar da sawu. "An samu kuskure a lissafin." Wa ya yi shi? "Mutum uku sun rasa rayukansu yayin arangamar." Rasa su suka yi kamar wanda ya yar da makulli, ko wani ne ya harbe su? "An ce", "ana rade-radin", "masana sun tabbatar", "bincike ya nuna": duk jimlar da ta fara da ɗayansu tana bin ka bashin tambaya, wa ya ce, waɗanne masana, wane bincike, yaushe.

Akwai kuma tambayar da ke ɗauke da amsarta a goye. "Yaushe za ka daina ɓoye wa jama'a gaskiya?" Ko me ka amsa ka riga ka yarda kana ɓoyewa. Masu shirya ƙuri'ar jin ra'ayi da wata manufa a zuciya da wannan suke aiki, sannan su fito da sakamakon a matsayin "abin da jama'a ke so".

Lambobi sun fi kalmomi haɗari, saboda kowa na yi musu kallon marasa son zuciya. A 1981 Amos Tversky da Daniel Kahneman, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, sun wallafa wani gwaji da har yau ake koyarwa. Sun ce wa mutane su ƙaddara wata annoba za ta kashe mutum 600, kuma akwai shiri biyu. Na farko zai ceci mutum 200 tabbas. Na biyu caca ce: kashi ɗaya cikin uku a ceci duka, kashi biyu cikin uku kada a ceci kowa. Kashi 72 cikin 100 suka zaɓi na farko. Sai aka ba wa wani rukunin zaɓi iri ɗaya da wata siga, aka ce a shiri na farko mutum 400 za su mutu tabbas. Nan take lamarin ya juye, kashi 78 cikin 100 suka koma wa cacar. Ceton 200 cikin 600 da mutuwar 400 cikin 600 abu ɗaya ne, ɗan firamare ma ya sani. Amma zuciya ba ta jin su ɗaya. Duk wanda ya ce maka aikin tiyata na da nasarar kashi 90, da wanda ya ce maka mutum ɗaya cikin goma ba ya tashi, dukansu sun yi gaskiya, kuma kowanne ya tura ka wata hanya daban.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya faru a Birtaniya a Oktoban 1995. Kwamitin da ke sa ido kan lafiyar magunguna ya yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tsarin iyali na ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ninki biyu, wato ƙarin kashi 100 cikin 100. Jaridu suka ɗauka, mata da yawa suka watsar da maganin a firgice. Ga lambobin da ke ƙarƙashin "ninki biyu" ɗin: cikin mata 7,000 masu shan tsohon maganin, kusan ɗaya ce ke gamuwa da matsalar, cikin masu shan sabon kuma biyu. Daga ɗaya zuwa biyu ninki ne, ba wanda ya yi ƙarya. An ƙiyasta cewa a shekarar da ta biyo baya an sami ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wales, alhali shi kansa juna biyu ya fi ƙwayar jawo daskarewar jini. A nan babu ma wani mugu da ya shirya yaudara, hukuma ce mai kyakkyawar niyya ta zaɓi sigar da ta fi razanarwa. Shi ya sa duk lokacin da aka ce abu "ya ninka" ko "ya ragu da rabi", tambayar ita ce daga nawa zuwa nawa, kuma cikin mutum nawa.

Masu talla kuwa wannan sana'arsu ce. A 2007 hukumar da ke kula da tallace-tallace a Birtaniya ta haramta wani tallan Colgate mai cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na likitocin haƙori na ba da shawarar a yi amfani da shi. Lambar daidai take. Abin da ba a faɗa ba shi ne an bar kowane likita ya ambaci man goge baki fiye da ɗaya, kuma wani abokin gasar ya sami ambato kusan daidai da na Colgate. Mai karanta allon talla zai fahimci cewa 80 sun zaɓe shi, 20 sun zaɓi saura. Shi ya ƙulla wannan ma'anar a kansa, kamfanin kawai ya shimfiɗa masa hanya.

Wannan ya kai mu ga dabarar da ta fi kowacce wuyar kamawa, domin ba ta cikin abin da aka faɗa, tana cikin abin da aka bari. Kamar mai sayarwa ne da ya jera masu kyau a saman kwando, duk abin da idonka ya gani na gaske ne. Mai son nuna tattalin arziki ya bunƙasa sai ya fara lissafi daga shekarar da ya fi durƙushewa. Mai son nuna ya lalace sai ya fara daga shekarar da ya fi haɓaka. Mai son ka ji tsoron wasu mutane zai kawo maka labarin laifi goma da 'yan cikinsu suka aikata, duka goman sun faru, ba zai taɓa gaya maka nawa wasu suka aikata a daidai wannan lokacin ba. C. P. Scott, editan jaridar Manchester Guardian, ya rubuta a 1921 cewa sharhi kowa na da 'yancin yin sa, amma abin da ya faru tsarkakakke ne, ba a taɓa shi. Magana ce mai kyau, kuma ita ce ta sa jaridun kirki ke ware shafin ra'ayi daban da na labarai. Sai dai wanda ya zaɓi labarin da zai hau shafin farko da wanda za a tura shafi na goma sha biyu ya riga ya yi sharhi tun kafin a rubuta kalma ɗaya.

Kada a fahimce ni da cewa duk mai iya magana mayaudari ne. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotle ya ce ana shawo kan mai sauraro ta hanya uku: mutuncin mai magana, da motsa zuciyar mai ji, da hujjar da ke cikin zancen. Bai ɗauki biyun farko a matsayin zamba ba, kuma yana da gaskiya. Likitan da ke son majiyyaci ya daina shan taba zai yi amfani da tsoro, kuma tsoron a muhallinsa yake. Wanda ke kiran a taimaki waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, in ya nuna fuskar yaro guda bai yi laifi ba. Abin dubawa shi ne ko girman motsin da aka sa maka ya yi daidai da girman abin da ya faru, da kuma ko hujja za ta iya tsayawa da ƙafarta in aka janye kukan. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ummu Salama ya kama wannan daidai, inda Annabi (SAW) ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, to wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yankar masa. Iya magana daban, mallakar gaskiya daban, kuma nauyin yana kan mai iya maganar.

Fushi da mamaki su ne suka fi saurin tafiya. Masu bincike a jami'ar MIT sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka wallafa sakamakon a 2018. Labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗa shi da kashi 70 cikin 100, kuma na gaskiya kan ɗauki lokaci kusan ninki shida kafin ya kai ga mutum 1,500. Da suka cire asusun da na'ura ke sarrafawa, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne ke yi. Ga kuma maimaici, wanda tun 1977 gwaje-gwaje ke nuna cewa jimlar da mutum ya taɓa ji ya fi ɗaukarta gaskiya a kan wadda bai taɓa ji ba, ko da duka biyun ƙanzon kurege ne. Ƙwaƙwalwa na rikita "na san wannan" da "na saba jin wannan". Farfaganda ba ta buƙatar ta gamsar da kai yau, ta dai zame maka sananniya.

Akwai kuma yaudarar da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren, wato a ɗauko habari a sa masa hular ra'ayi don kada a taɓa shi. Mutum zai ce wani magani na haddasa wata cuta, ko wane ya saci kaza, in ka nemi hujja ya ce "ai ra'ayina ne, kowa da nasa". A'a. Cewa shuɗi ya fi kore kyau ra'ayi ne. Cewa wane ya saci kuɗi zargi ne, ko ya sata ko bai sata ba, kuma sa "a ganina" a gabansa bai sauya masa jinsi ba.

Ita kanta kalmar ra'ayi suna ne ya tara. Akwai na ɗanɗano, wanda ba a musu a kansa. Akwai na ƙima, irin su adalci da zalunci da abin da ya cancanta, wanda ake musu a kansa da dalilai ko da ba a auna shi da sikeli. Akwai kuma na masani: likitan da ya dubi hoton ƙirji ya ce yana zaton ciwon huhu ne, masanin yanayi da ya ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 gobe, masanin tarihi da ya ce ga abin da ya haddasa wani yaƙi. Waɗannan ba tabbas ba ne, amma wanda ya jera su sahu ɗaya da zaɓin launi ya yi wauta. Mafi yawan abin da muke karantawa kullum a wannan tsakiyar yake zaune, kuma nan ne rabon gida biyu na gaskiya da ra'ayi ke gazawa. "Rashin aikin yi ya ƙaru bayan an kafa dokar" ana iya dubawa. "Dokar ce ta jawo rashin aikin yi" fassara ce, tana buƙatar a kore sauran dalilai. "Don haka a soke dokar" hukunci ne, ya dogara da abin da ka fi ba muhimmanci. Jimla uku, jinsi uku, amma a bakin gwani numfashi ɗaya ne. Masanin falsafar nan ɗan Scotland, David Hume, ya lura a wajajen 1740 cewa marubuta kan yi ta jero "abu kaza haka yake", sai kwatsam ka tsince su a "saboda haka ya kamata", ba tare da sun nuna gadar da suka bi ba. In za ka sa ido a kan kalma ɗaya tak cikin dogon jawabi, sa shi a kan "don haka".

Da matsalar ta tsaya ga dabarun masu magana, da da sauƙi. A 2018 cibiyar bincike ta Pew ta ba Amurkawa 5,035 jimloli goma, biyar waɗanda ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa da hujja, biyar na ra'ayi, ta ce su rarrabe. Kashi 26 cikin 100 ne kawai suka gane duka biyar na farko, kashi 35 suka gane duka biyar na ra'ayi. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne inda kuskuren ya karkata. Jimlar da ke cewa an haifi Barack Obama a Amurka, kashi 89 na 'yan jam'iyyarsa ta Democrat sun gane cewa magana ce ta tabbatarwa, 'yan jam'iyyar Republican masu hamayya da ita kashi 63. Jimlar da ke cewa ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa wajibi ne ga lafiyar tattalin arziki, wadda ra'ayi ce, kashi 37 na 'yan Democrat sun ɗauke ta tabbatacciya, 'yan Republican kashi 17. Kowane ɓangare na ɗaukaka abin da ya yi masa daɗi zuwa matsayin gaskiya, yana sauke abin da ya ɓata masa rai zuwa "ra'ayinsu ne".

Ibn Khaldun, masanin tarihin nan Balarabe, ya riga Pew da shekaru sama da 600. A Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, da ya zo lissafa dalilan da ke sa ƙarya shiga labarai, abin da ya fara ambata shi ne ta'assubanci ga ra'ayi ko mazhaba: in labari ya dace da abin da rai ya riga ya karkata gare shi, sai a karɓe shi nan take ba bincike. Ya ƙara da yawan amincewa da masu ruwaya, da neman kusanci ga manya ta hanyar yabo. Maganin da ya bayar ya wuce tambayar wa ya faɗa. Ya ce a auna labarin da yadda duniya ke tafiya. Da ya ga masu tarihi na ambaton runduna mai mayaƙa 600,000, sai ya tambaya wace ƙasa ce za ta ɗauki nauyinsu, wane fili ne zai ishe su jera sahu, ta yaya wannan gefen zai san abin da wancan ke ciki. Tambayoyi ne da ba sa buƙatar ɗakin karatu, kuma har yau suna aiki a kan yawan mahalarta gangami da alƙaluman da ake yi wa ado. Gwajin da na fi yarda da shi ɗan'uwan wannan ne: ka ɗauki jimlar, ka sauya sunan wanda ake magana a kansa da na wanda kake so, ka ga ko har yanzu hujjar ta ishe ka.

Sai dai shi ma mai shakka akwai tarkon da aka ɗana masa, kuma kamfanonin taba ne suka fi kowa ƙwarewa a kai. A 1946 masu sigarin Camel sun cika mujallun Amurka da tallan cewa likitoci sun fi shan Camel a kan kowace sigari. Wannan tsohon salo ne, aron rigar masani. Da binciken Richard Doll da Bradford Hill na 1950 da wasu irinsa suka danganta taba da sankarar huhu, sai salon ya juya gaba ɗaya. A Janairun 1954 manyan kamfanonin suka buga sanarwar haɗin gwiwa a ɗaruruwan jaridu. Ba su tsaya kan cewa taba lafiya ce kawai ba, cewa suka yi ba a tabbatar ba tukuna, masana sun saɓa, ana buƙatar ƙarin bincike, har suka yi alkawarin ɗaukar nauyinsa. Wato sun ɗauki abin da hujja ke ƙara tabbatarwa kullum suka mai da shi "ra'ayin wasu likitoci". Wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta 1969, wadda ta fito fili daga baya, ta faɗi abin ƙarara: shakka ita ce hajarsu, domin da ita za su yi gogayya da tarin hujjojin da ke zukatan jama'a. Wanda ya koyi cewa "kowa da son zuciyarsa, ba a san gaskiya ba" yana jin kansa wayayye, ba ya ganin cewa shi ne cinikin da aka nema. Babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahotonsa mai tabbatar da illar taba a 1964, kamfanonin suka ci gaba da cewa magana ba ta ƙare ba. Sai a 2006 wata alƙaliyar kotun tarayya, Gladys Kessler, ta yanke hukuncin cewa sun shafe shekaru da dama suna yaudarar jama'a da gangan, ta umarce su da su buga gyara da kuɗinsu. Suka yi ta ɗaukaka ƙara a kan kalmomin da za a sa a cikin gyaran, har sai Nuwamban 2017 sanarwar ta fara fita a talabijin da jaridu, shekara 63 bayan waccan ta farko.